Sha'aibu Mai Alwala Ɗaya

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Sha'aibu a nan Yako, ita ma gefenta guda ya zube tun daminar bara waccan, muka toshe da zana. Saboda haka in an yi tari a gidansa ina ji, in an soya albasa ina shaƙa. Ni ne Hamidu mai acaɓa, wanda in ka tambaya a tasha za a ce maka, "Wai wannan mai bakin?" A aji huɗu na ajiye boko. Shi kuwa Sha'aibu ma'auni ne a kasuwar Ƙafin Maiyaki, masara da dawa yake aunawa, kuma duk yankin nan ba a san shi da wani suna ba sai Mai Alwala Ɗaya. Ni kaɗai nake ce masa Fadama. Yanzu na daina, kuma dalilin dainawar ne ya zaunar da ni rubutun nan.

Tare muka tashi. Mahaifiyarsa Inna Zubaida, Allah ya jiƙanta, takan ce tun yana goye bai taɓa yin wata biyu cur ba tare da zazzaɓi ba. Yau a ce haƙori ne, gobe a ce shawara ce, a dafa saiwa a ɗura masa, ya miƙe, bayan kwana kaɗan ya sake kwantawa. Ya kuma taso da fitsarin kwance. Kullum da safe tabarmarsa tana shanye a kan danga, duk mai wucewa yana gani.

Muna da shekara tara kakarsa ta ce ta gaji, a yi masa abin da aka saba yi wa irinsu: a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, a aza masa jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, yara su zaga unguwa da shi. Wa ya shiga kududdufi ya kamo kwaɗon? Ni. Wa ya yi gaba yana kiɗa da gwangwani? Ni. A ranar na raɗa masa Fadama, na ce inda ya kwana ko da rani za a iya shuka shinkafa. Manya ma sai da suka dara.

Abin da nake tunawa shi ne bai yi kuka ba. Ya zagaye unguwa tsaf, ya dawo, ya kwance kwaɗon da hannunsa ya sake shi. Daga ranar ya daina shan ruwa in La'asar ta wuce, ya kuma koyi riƙe fitsari. Muna cikin wasa sai ka ga ya durƙusa ya zauna a kan diddigensa, ya cije leɓe, idanu sun yi ja, sai abin ya lafa ya tashi. Yana kai goma sha biyu tabarma ta daina hawa danga. Kowa ya ce kwaɗo ya yi aiki. Ni har alfahari nake yi, wai ni na warkar da shi.

Da ya girma ya kama awo, riƙon nan ya zama masa ado. A kasuwa, da an kira Azahar sai ma'auna su bar buhunansu, su bi layin banɗaki kowa da butarsa. Sha'aibu kuwa sai dai ya karkaɗe rigarsa ya shiga sahu. Alwalar da ya yi a gida da hantsi, da ita zai yi Azahar, ya yi La'asar, wani lokaci har Magariba. Mutane suka fara cewa bawan Allah ne. Iyaye suna nuna shi ga 'ya'yansu. A masallacin unguwarmu aka bar masa gurbi a sahun gaba, daidai bayan limaminmu Baffa Sale. Bai taɓa yin fariya da baki ba. In an yabe shi sai ya sunkuyar da kai yana share bakin tiya, amma ni ina ganin gefen bakinsa yana motsi.

Ni nake kai shi kasuwa a bayan mashin, kuma ba na barin sa ya huta.

"Fadama, wai an rufe ƙofar dam ne? Ka fi Tiga riƙe ruwa."

"Allah ya shirye ka, Hamidu. Kalli gabanka, ga rami."

"Ranar da za ka buɗe, ka yi shela tukuna, mutanen Kiru su kwashe awakinsu."

Sai ya ɗan mangare ni a kafaɗa, mu yi gaba.

Zazzaɓin dai bai taɓa rabuwa da shi ba. Sau uku ko huɗu a shekara zai kwanta yana rawar ɗari, yana riƙe da kwiɓi. A je kemis, a ce taifot ne, a yi allura, a ba shi ƙwayar kashe ciwo, ya tashi ya koma awo. Mun saba har ba ma ɗauka ciwo ba ne.

Bara da kaka, ana tsakiyar shigo da sabuwar masara, na lura ya daina sa takalminsa mai rufi, ya koma silifa, ita ma igiyarta ta nutse a cikin nama.

"Fadama, ƙiba ce ta fara maka daga ƙasa? Me matarka Halima take ba ka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce kansa ne yake sarawa tun kwanaki.

Ran kasuwa ta gaba, mun baro Yako da kaɗan, sai na ji hannunsa da ke kafaɗata ya saki. Ya ce, "Hamidu, tsaya. Hanya biyu nake gani." Na taka birki. Ya sauko ya durƙusa a bakin gona ya yi ta amai. Da ya ɗago na kalli fuskarsa sosai, abin da ban yi ba da safe: idanunsa sun shige cikin kumburi, fatarsa ta yi fari-fari kamar an shafa toka. Na nemi abin tsokana a bakina na rasa. Na cire rawanin da nake rufe hanci da shi, na ɗaure shi a jikina kamar goyo, na juya kan mashin zuwa asibiti a Kiru. Duk hanya ina ce masa, "Yi min magana. Zage ni ma."

Nas ɗin ta auna jininsa, ta kalli abin awon, ta kwance ta sake aunawa. Sai ta fita ta kira wani. Suka kwantar da shi kwana biyu, suka ce ƙoda ce, ya wuce Kano.

A babban asibitin Kano aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka ɗauki hoton ciki kala biyu. Sai da muka yi zuwa uku kafin aka shigar da mu gaban likitar ƙoda. Mace ce, Likita Fa'iza, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Sha'aibu na ganin haka ya ƙara sunkuyar da kai.

Ta ce, "Malam, kana yawan zazzaɓi tun kana yaro?"

"Kamar dai kowa."

"Ka yi fitsarin kwance har ka yi wayo?"

"A'a."

Na yi niyyar in yi shiru, wallahi na yi. Bakin ne ba ya jin magana.

"Likita, har shekara goma sha biyu. Ni na kamo kwaɗon da aka ɗaura masa."

Sha'aibu ya juyo ya yi min wani kallo da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta rubuta, ta ce, "Yanzu sau nawa kake fitsari a yini?"

Ya ce, "Sau biyu. Safe da dare."

Sai ta ajiye biron.

Ta jawo takarda ta zana mana. Ga ƙoda biyu a sama, ga mafitsara a ƙasa, ga 'yan bututu biyu masu sauko da fitsari. Ta ce a inda bututun ya shiga mafitsara akwai wata 'yar ƙofa da ke rufewa, don abin da ya sauko kada ya koma. Tasa ba ta rufewa. Da mafitsara ta cika, sai fitsarin ya yi sama ya koma ƙoda, ya tafi da ƙwayoyin cuta. Kowane zazzaɓin nan mai ciwon kwiɓi, tabo yake bari.

Na ce, "Kamar bawul ɗin taya in ya lalace ke nan, iska ta riƙa dawowa?"

Ta ce, "Haka. Da shi aka haife shi, ba laifinsa ba ne. Amma riƙon da yake yi kamar ana ƙara hura iskar ne."

Ta juyo mana hoton. Ƙodar hagu ta motse ta koma kamar busasshen dabino, ba ta aikin komai. Ta dama ce take riƙe da shi, ita ma duk tabo, aikinta bai kai rabi ba. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage ne za a tsare. Ya sha maganin hawan jini kullum. Ya rage gishiri. Ya rabu da ƙwayar kashe ciwo ta kemis. In zazzaɓi ya zo, a gwada fitsari kafin a yi wata allura. Sannan duk bayan awa uku ya zagaya, ko bai ji ya matsu ba, in ya gama ya ɗan jira ya ƙara. A ƙarshe ta ce abin yana bin jini, ya kawo 'ya'yansa a duba su, musamman mai yawan zazzaɓi.

Da za mu fita muka yi kuskuren hanya, muka bi ta gaban ɗakin wankin ƙoda. Ƙofar a buɗe take. Mutane a jere a kan gadaje, kowa da robobi biyu a jikinsa, jini yana fita yana shiga inji yana dawowa. Wani saurayi a gadon farko ya juyo ya kalle mu, fuskarsa irin ta Sha'aibu ce ranar amai. Wata dattijuwa a benci ta ce sau biyu suke zuwa a mako, daga Doguwa. Sha'aibu ya kama hannun rigata kamar yaro, har muka kai bakin titi bai saki ba.

A mota muna dawowa, mun wuce Kwanar Dangora, sai ya juyo wajena. Ya ce, "Hamidu, in maganar nan ta fita a Yako, ba ni ba kai har kabari."

Na ce na ji.

Ya faɗa wa matarsa Halima da sauran jama'a hawan jini ne. Ƙwayar yana sha, gishiri ya rage. Amma zagayawar ko kusa. Ran kasuwa sai in ajiye mashin nesa kaɗan ina leƙen sa, shi kuwa yana kan buhu tun hantsi har rana ta yi sanyi. In na ga ya matse gwiwoyinsa ya cije leɓe, sai in ga hoton nan na likita a idona, fitsari yana hawa sama zuwa ƙoda ɗayar da ta rage. Na rage cin abinci. Matata Hasana ta ce ko aljanu ne suka ɗaure min baki.

Wata rana na same shi ba mai awo a gabansa, na tsuguna na ce a hankali, "Tashi ka zagaya mana. Zan tsare maka buhunan."

Ya ce, "In tashi in bi layin buta?"

"Sai me? Alhazai ma suna bi."

"Su ba a taɓa zagaya gari da su da tabarma a ka ba. Shekara nawa na yi kafin a manta sunan nan da ka sa min? Kai kaɗai ka rage kana faɗa. So kake su ce Fadama ta dawo?"

Ni a wajena abin wasan yara ne na yini ɗaya. Ashe shi kwaɗon nan yana ɗaure a ƙugunsa shekara kusan talatin.

Aka yi wata biyu a haka. Kumburin ƙafar ya sauka ya dawo. Maganar kai yara asibiti kuwa ko Halima bai faɗa wa ba.

Wata Talata gab da Azahar ina wanke mashin a tsakar gida, sai na ji muryar Goggo Kaltume, ƙanwar mahaifinsa, ta bayan zana. Faɗa take yi a kan Bahijja, autar Sha'aibu mai shekara biyar.

"Yarinya ta isa aike tana jiƙa shimfiɗa! Halima, ke kika sangarta ta."

Halima ta ce, "Goggo, ba ta da lafiya ne. Wancan makon ma zazzaɓi ta yi, tana cewa bayanta."

"Ubanta ma haka ya yi, da me ya warke? Hamidu! Hamidu, kana nan? Kai ne gwani, je ka samo mana kwaɗo ƙato."

Na ɗaga zana na leƙa. Bahijja tana gefen turmi. Ta durƙusa ta zauna a kan diddigenta, ta cije leɓe, idanunta sun yi ja. Ga kofin ruwa Halima ta miƙa mata, ta kau da kai. Zaman nan na san shi. Soso ya faɗi daga hannuna.

Na ce, "Goggo, kwaɗi sun yi yajin aiki. Kada wanda ya taɓa yarinyar nan sai na dawo."

"Ji ɗan banza! Yaushe ka zama malami?"

Ban tsaya ba ta amsa ba. Ranar ba kasuwa, na san inda yake: gindin darbejiyar masallaci, shi da Baffa Sale da dattawa kamar takwas suna jiran Azahar. Na yi sallama, na tsuguna na gaida Baffa, sannan na matsa kusa da kunnen Sha'aibu.

"Za su ɗaura wa Bahijja kwaɗo."

Ya ce, "Sha'anin mata ne."

"Ta fara zama a kan diddige. Ta ƙi shan ruwa. Wancan makon bayanta ta ce yana ciwo, ko ba a gaya maka ba? Na yi maka alkawari, amma ka san bakina. Ko ka faɗa, ko in faɗa, kafin a tayar da salla."

Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙasa, har ladan ya fara gyara murya. Sai ya ɗago.

"Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Mutumin da fitsari ya matse shi, ya shiga salla a haka don kada alwalarsa ta karye, ya yi daidai?"

Baffa Sale ya ce, "Abin ƙi ne. Na sha faɗa a karatu, ku ne ba kwa ji. Ya je ya sauke ya sake alwala, ya tsaya gaban Ubangijinsa da natsuwa."

"To, Baffa, shekara ashirin ina tsaye a bayanka a matse."

Baffa ya cire tabarau ya kalle shi. "Subhanallahi. Sha'aibu, ni na ɗauka Allah ne ya sauƙaƙe maka."

Sai ya faɗa musu komai: ƙofar da ba ta rufewa, ƙodar da ta motse, ɗayar da ta rage, ɗakin nan mai injuna. Ya ce duk mai yaron da ke yawan zazzaɓi yana jiƙa shimfiɗa, ya kai shi a gwada fitsarinsa, ya bar kwaɗo a kududdufi. Da ya gama ya miƙe, ya ɗauki butar masallaci, ya nufi banɗaki a gaban kowa. Wani a ƙarshen tabarma ya fara ƙunshe dariya. Na juya na ce, "Yi mana. Ina da labarin kowa a nan, kai naka ma kashi uku ne." Ya haɗiye abarsa.

Baffa bai bari an tayar da salla ba sai da Sha'aibu ya dawo, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa.

Mako na zagayowa muka kai yaran uku Kano. Manyan biyu lafiya lau. Da aka shiga da Bahijja ɗakin hoto, ni da Sha'aibu muna benci, sai ƙafarsa take ta kaɗawa har bencin yana motsi. Ya ce, "In an ce tata ma ta motse fa?" Halima tana tsaye jikin bango tana jan bakin mayafinta har zaren ya fara warwarewa.

Likita Fa'iza ta kira mu. Ta ce yarinyar tana da shi, a ɓangare ɗaya. Akwai ɗan tabo ƙarami a ƙodar, amma duk biyun suna aiki sosai. Ta ce yara da yawa ƙofar takan gyaru da kanta in suna girma, in ba ta gyaru ba akwai aikin tiyata da ake yi. Ta rubuta maganin da za a riƙa ba ta, ta ce ta sha ruwa, ta riƙa zagayawa a kan kari, kuma kada a sake a kunyata ta. Ta kalli Sha'aibu ta ce, "Da an ƙara shekara biyar, da wata maganar muke yi." Ya rufe fuska da hularsa. Na kalli silin, don ni ma idona ya kawo.

Goggo Kaltume har yau tana cewa a zamaninsu kwaɗo ya ishi kowa, amma ita ce take bin Bahijja da kofi.

Nasa gwajin duk wata uku ne. Na farko ya nuna ƙodar ta ƙara ja baya kaɗan. Na biyu ta tsaya inda take. Likita ba ta yi mana alkawarin komai ba, ta dai ce tsayawar ma nasara ce. Duk zuwan da za mu yi, hanya mai nisa muke bi a cikin asibitin don kada mu wuce ta gaban ɗakin nan, kuma ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa ga dalili.

Yanzu tsakanin Yako da Ƙafin Maiyaki sai ya taɓa kafaɗata in tsaya ya shiga bayan kara. A kasuwa shi ne na gaba a layin buta. Har yanzu wasu suna ce masa Mai Alwala Ɗaya, shi kuma ya ce, "Ta zama bakwai."

Ni kuwa kullum da safe in ya fito zai hau mashin, kafin in gaishe shi ƙafarsa nake fara kallo. Ya gane. Jiya ya ce, "Hamidu, fuskata tana sama." Na ce ai ƙafar ta fi kyan gani. Takalmin nan mai rufi ne a ƙafarsa, ya shiga ba tare da an tura ba. Sai da na gani sannan na iya tayar da mashin.